Baƙin Man Sintetik Ba Ya Buƙatar Ƙarin Sinadari

A garejojin Apo da ke Abuja, da ma na sauran biranenmu, da zarar mai mota ya ce zai koma amfani da baƙin man sintetik, sai a miƙo masa 'yar kwalba, wai sinadari ne da zai ƙara wa inji ƙarko. A ra'ayina, kuɗin wannan kwalba asara ce.

Man sintetik mai tambarin API SP, matakin da ya fara aiki a 2020, yana zuwa ne da sinadaran wanke inji, da na hana tsatsa, da na rage gogayyar ƙarfe, kowanne a bisa awo. Zuba wani a kansu ɓata wannan awon ne. Sinadarin da ke kaurara mai yana jinkirta isarsa sassan inji idan an tayar da mota da sanyin safiya, yawan fosforas kuwa kan lalata matatar hayaƙin da ke jikin salansa. A 1997 ma, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta hana masu Slick 50 ci gaba da iƙirarin da ba su da hujjarsa.

Gaskiya ne tsohon injin da ke shan mai kan yi shiru idan an kaurara masa man, amma ɓoye ciwo ba magani ba ne.

Babban haɗarin da ke gaban mai mota a Najeriya shi ne jabun mai. Gara ya sayi na asali wajen dila amintacce, ya bi kaurin da littafin motarsa ya tanada, ko 5W-30 ko 0W-20, sannan ya sauya filta a kan kari.