Macijin Kusugu Ya Koma Aljihu

Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu ta Daura. An ce maciji ne ya tare a cikinta, ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare masa kai. To, wani macijin ya sake bayyana, kuma ya fi na da sharri. Na da kowa ya san raminsa. Na yanzu kuwa a aljihunmu yake kwana, sunansa cacar waya.

Akwai masu cewa caca caca ce, ko a shago ko a waya, duk kanwar ja ce. Ban yarda ba. A hukunci dai ɗaya suke, tunda Alƙur'ani ya haɗa caca da giya ya hana. Amma wajen ɓarna akwai rata mai yawa.

Mu ɗauki mai zuwa shago ya zauna gaban kwamfuta. Masu gadi huɗu ne ke tare shi. Na farko tafiya, sai ya taka da ƙafarsa. Na biyu kunya, domin a gari irin Daura, daga unguwar Kusugu zuwa ƙofar fada, da wuya ka gifta ba wanda ya san ubanka. Na uku kuɗi a hannu, yana ƙirga su yana ganin aljihu na ramewa. Na huɗu lokaci, dare ya yi a rufe shago, ko yana so ko ba ya so ya tafi gida.

Waya ta kori masu gadin nan duka. Ba tafiya, ba idon jama'a, ba rufe ƙofa. Kuɗi sun zama lambobi, sai a tura dubu biyar ba a ji zafin rabuwa da su ba. Ɗalibi na zaune a aji, malam na tsammanin darasi yake dubawa, alhali yana jiran a buga kwana ne a wani wasa na Ingila. In ya yi kwana biyu bai leƙa ba, manhajar ta aiko masa saƙo da tayin kyauta. In babu wasa ma, ga ƙwallon bogi da kwamfuta ke bugawa, ana gama shi cikin 'yan mintoci a sake wani. Mai cike takardar ƙwallo a zamanin da, mako guda yake jira. Na yau ko minti biyar ba ya samu ya yi tunani.

Kada ku ɗauka haka kawai abin ya zo. Tun a shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa tattabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba ta san yaushe zai faɗo ba, ita ce ta fi nacin saran maɓalli. Ashe ba mu ne tattabarun ba? Ga kuma lissafi: wanda ya jera wasa 10 a tikiti ɗaya, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa 1 ce cikin 1,024. Wa ya taɓa gina gida da irin wannan? Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka.

A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca, aka yi ta tafi. Madalla. Amma an toshe rami ne bayan maciji ya fita. A Nuwamban 2024 ɗin Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca na jihohi ne, ba na tarayya ba. Saboda haka Jihar Katsina ba ta da sauran uzuri. Ko Birtaniya, inda caca halal ce a doka, ta hana yin ta da katin bashi tun 2020. Mu me muka yi game da tallan da ke bin yaranmu har kan shimfiɗa?

Amma kada mu zauna jiran hukuma. Kuɗin da tsohuwarka ta sayar da akuya ta aiko maka, amana ce. Ka goge manhajar yau, ba gobe ba. Wanda ya ga abokinsa ya faɗa, ya ja shi gefe ya yi masa magana, kada ya yi masa dariya, domin ciwo ne. Malamai kuma a kawo zancen cikin aji, a daina rufa-rufa.

Bayajida ba zai dawo ba. Wuƙar tana hannun kowa, saura mai zuciyar zaro ta.