Kwanon maƙwabciya a cikin ƙanƙara

A biranen Amurka, idan macce ta haihu ta dawo gida daga asibiti, akwai wani abinci da ba a cika rasawa ba a ƙofarta. Abincin Italiya ne da ake kira lazanya, a cikin faranti mai murfi, sau da yawa a daskare kamar dutse. Maƙwabciya ko abokiyar aiki ce ke kawo shi. Takan manna ƴar takarda a kan murfin mai bayanin minti nawa zai yi a tanderu, ta yi barka, ta juya ba tare da ta zauna an yi mata hidima ba. Mai jego sai ta ajiye shi a firigon ƙanƙara, ranar da jariri ya hana ta barci ta ciro ta gasa, gida ya ci. Al'adar ta yi ƙarfi har mata kan tsara ta da jadawali: wance ranar Litinin, wance ranar Laraba, domin kada kwanoni su taru rana ɗaya, sauran ranaku kuma a rasa.

Lazanya taliya ce mai faɗi kamar tafin hannu, wadda ake jerawa hawa-hawa. Tsakanin kowane hawa ana zuba miyar niƙaƙƙen nama da tumatir, da wata farar miya ta madara da garin alkama da man shanu, sa'an nan a barbaɗa cuku a gasa. Birnin Boloniya na arewacin Italiya ya shahara da ita, kuma a can miyar naman kaɗai takan yi awa biyu ko fiye bisa wuta. Italiyawa fiye da miliyan 4 da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1924 su suka kai girkin ƙasarsu can, har taliya da fiza suka zama cimar kowa. Abin da ya sa lazanya ta zama kwanon zumunci a fili yake: kayan haɗinta ba su da tsada, faranti guda yana ƙosar da mutum shidda ko takwas, yara ba sa ƙin ta, kuma tana jure wa daskarewa domin miyar na kare taliyar daga bushewa.

Ita kuwa sana'ar daskarar da abinci, wani Ba'amurke ne mai suna Clarence Birdseye ya kafa ta. Ya zauna a yankin Labrador na arewacin Kanada daga 1912, inda ya ga kifin da ƴan ƙasar ke kamawa yana daskarewa nan take saboda tsananin sanyi, in an dafa shi bayan watanni kuma ɗanɗanonsa na nan. Dalili shi ne, idan abinci ya daskare da sauri, ƙwayoyin ƙanƙarar da ke fitowa cikinsa ƙanana ne, ba sa farfasa naman. Idan kuwa a hankali ne, sai su yi girma, abincin ya saki ruwa ya yi laushi in ya narke. Ya ƙera na'urar da ke yin wannan aiki, a 1930 kuma aka fara sayar da kayansa a kantunan garin Springfield. A yau kamfanin Picard na Faransa yana da kantuna fiye da 1.000 waɗanda daskararren abinci ne kusan dukan hajarsu.

Sai dai na'ura kaɗai ba ta isa ta bayyana yadda wannan faranti ya samu matsayi a wajen iyaye mata ba. Dole a dubi halin da mai jego ke ciki a waɗannan ƙasashe. Dokar tarayyar Amurka ta 1993 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, amma ba tare da albashi ba, kuma ba kowace ma'aikaciya dokar ta shafa ba. Wasu jihohi ne suka ƙara nasu tanadi. Faransa na ba da mako 16, Nijar mako 14. Ga shi kuma aiki ya rarraba dangi, uwa na wata jiha, ƙanwa na wata, ƴar aiki kuwa sai gidan mai hali. Macce takan wuni ita kaɗai da jariri tsakanin bango huɗu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu ba da jimawa ba suna fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa, galibi ciwon baƙin ciki, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusan kashi 20. Kaɗaici da rashin mai taimako suna cikin abubuwan da ke ƙara wannan ciwo. Saboda haka wadda ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti ta yi aiki biyu: ta ɗauke wa ƴar'uwarta girkin yini, ta kuma ga fuskarta, ta gane ko lafiya take. Hausawa sun riga sun faɗa, ciwon ƴa macce na ƴa macce ne.

An ga ƙarfin wannan a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane cikin gidajensu. Wata uwa mai ƙananan yara a birnin San Diyego na jihar Kaliforniya, Rhiannon Menn, ta fara gasa lazanya tana sanarwa a dandalin iyaye mata na Facebook cewa duk wadda abubuwa suka yi wa yawa ta yi magana a kai mata. Ba a jima ba wasu matan suka ce su ma za su gasa. Daga nan aka samu ƙungiyar Lasagna Love, mai dubban masu aikin sa kai, wadda ta bazu har Kanada da Ostireliya. Ƙa'idarta mai ban sha'awa ce: ba a tambayar mai buƙata nawa take samu ko me ya same ta. Wadda ta rasa aiki da wadda gajiya ce kawai ta kayar da ita, duka ɗaya ne a wurinsu. Sun gane cewa kunyar roƙo ta fi yunwa hana macce buɗe baki.

Haka zancen yake wajen karɓar baƙi. Uwa mai aiki da ta san gayyatar ƙawaye na nufin awa huɗu a tsaye gaban murhu, sai ta yi ta ɗagawa har zumunci ya yi sanyi. Daskararren abinci ya rage wannan nauyi: a saka faranti a tanderu na kimanin awa guda, a yanka latas da tumatir, a kawo burodi, shi ke nan tebur ya cika, uwargida kuma tana zaune tare da baƙinta. Abin da matan ke ƙarfafa wa juna gwiwa a kai shi ne kada wadda ta yi haka ta ji ta gaza. Amma a nan akwai wurin lura. Kamfanonin abinci sun fahimci cewa maganar uwa ga uwa ta fi kowace talla shiga, saboda haka sukan biya mata masu yawan mabiya a intanet su yaba hajarsu cikin sigar nasiha. Abin ya kai har Faransa ta kafa doka a watan Yuni na 2023 da ta tilasta wa irin waɗannan masu talla su bayyana cewa biyan su aka yi. Ɗan kasuwa ba zai yi mamakin wannan ba: ya san bambancin mai ba da shawara da dillali.

Kwalin kanti kuma yana da nasa haɗari, wanda kwanon maƙwabciya ba shi da shi, wato ba a san hannun da ya girka ba. A watan Fabrairu na 2013 hukumomin Ingila suka gano cewa lazanyar kamfanin Findus da aka rubuta naman shanu a kanta, wasu kwalayen naman doki ne zalla. Da aka bi sawu, sai aka tarar an yanka dawakan a Romaniya, naman ya bi ta hannun dillalai a Holan da Kuburus, wani kamfani a kudancin Faransa ya sayar da shi a matsayin na shanu, aka girka a Luksambur. A 2019 wata kotu a Faris ta hukunta wasu daga cikin masu hannu a ciki. Wanda ya fi wannan muni ya faru a 2022, lokacin da daskararriyar fiza ta Buitoni, daga wata masana'anta a garin Caudry na arewacin Faransa, ta ɗauko ƙwayar cuta mai lalata ƙoda. Yara fiye da 50 suka kamu, biyu suka rasu, a 2023 kamfanin Nestlé ya rufe masana'antar. Darasin da ke nan shi ne sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi. Wuta ce ke kashe ta, kuma sai zafi ya ratsa har tsakiyar abincin, ya kai digiri 74.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa wannan duka zancen Turawa ne, tun da a nan mai jego na da wankan jego, da kunun kanwa, da uwa ko gwaggo da ke zama da ita kwana arba'in, da kwanonin maƙwabta da ke shigowa ba a roƙa ba. Gaskiya ne, kuma dukiya ce da kuɗi ba ya saye. Amma akwai matan da wannan inuwa ba ta kai gare su. Malamar lakwal ƴar Tawa da aka tura Difa, ungozomar da ke kwana a wurin aiki, matar ɗan kasuwa da ke haya a wata sabuwar unguwa ta Yamai inda kowa ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe, duk waɗannan halinsu ya fi kusa da na waccan Ba'amurkiya fiye da na kakanninsu. Da mako 14 sun cika sai komawa buro, ga goyo, ga girki, ga baƙin maigida da ba sa sanarwa. Taliya kuwa ba baƙuwa ba ce a gidajensu, daga ƴar murji da ake ci da mai da yaji har ta leda da ke shigowa daga Aljeriya da Najeriya.

Wanda ke son ɗaukar dabarar dole ya fara da maganar wuta. Daskararren abinci na buƙatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ba yankewa, tun daga masana'anta har gida. A Nijar kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, masu ita ma sun san halinta a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ba a kuma manta da Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take ba NIGELEC saboda takunkumin CEDEAO, aka shafe watanni ana rabon ta unguwa-unguwa. Firigon ƙanƙara da ke cike yana riƙe sanyinsa kimanin awa 48 in ba a buɗe shi ba, wanda ke rabi kuwa awa 24. Abin da ya narke sarai bai kamata a mayar da shi ya sake daskarewa ba. Kwalin da ya jiƙe ya lanƙwashe, ko wanda ƙanƙara ta dunƙule a cikinsa, alama ce ta ya taɓa narkewa a hanya, mai kanti na gaskiya ba ya sayar da shi. Sai kuma karanta rubutun kwali. Girkin miyar Boloniya da aka yi wa rajista a ɗakin kasuwanci na birnin a 1982 ya ƙunshi naman alade da giya, saboda haka Musulmi ya nemi kalmomin porc, lardons, jambon da vin kafin ya biya. Gishiri ma yakan yi yawa a irin wannan abinci, alhali OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini.

Idan aka haɗa waɗannan da tsadar kayan da ake shigowa da su daga Turai, za a ga abin da ya cancanci koyi shi ne tsarin, tun da kwalin kansa bai dace da aljihu ko yanayin mafi yawan gidaje ba. Ƙasar da ke da albasar Galmi, da tattasan Difa, da tumatir da ke zubewa a kasuwa lokacin sanyi, da naman da ake fitarwa ƙasashen waje, ba ta rasa kayan miya ba. Macce mai firigon ƙanƙara za ta iya dafa miyar nama da tumatir tukunya guda ranar Lahadi, ta rarraba a ƙananan robobi, ta rubuta kwanan wata a kan kowace, ta saka da zarar ta huce. Ranar da baƙi suka faɗo, dafa taliya minti goma ne. Wadda ba ta da firigo kuwa tana da hanyar iyayenta, wato rana: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, dakakken yaji, kilishi da cuku duk abincin gaggawa ne tun kafin a haifi Birdseye.

Jadawalin nan na matan Amurka shi ma ba ya buƙatar lantarki. Matan da ke haɗuwa a foyandi ko adashi sun riga sun iya tsara wa zai ɗauka a wane wata. Tsara wa za ta kai kwano a wace rana bai fi wannan wuya ba. Lokacin da ya fi buƙatar haka shi ne bayan suna, sa'ad da taro ya watse, dangi suka koma garuruwansu, aka bar mai jego da tarin wanke-wanke. Maigida kuma na da nasa rabo: kada ya auna darajarsa a idon abokai da yawan awoyin da matarsa ta yi a cikin hayaƙi, kada kuma ya sa ta ji kunya don miyar jiya ce aka ɗumama. Baƙon kirki zai tuna yadda aka tarbe shi ko da ya manta abin da ya ci, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.