Laimar Kwaɗi: Abinci Ce Ko Maganin Gajiya?

Idan damina ta kankama a Dagumawa ta ƙaramar hukumar Wudil, duk mai sammakon gona zai ga laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ta tsiro a kan juji ko gindin ruɓaɓɓen itace. Yawancinmu tsallake ta muke yi. To, ga shi masana, musamman a ƙasar Sin, suna tatso wasu sinadarai da ake kira feftayid daga irin wadda ake ci, suna cewa suna rage gajiya. A ganina ya kamata mu saurari wannan labari da kunnen basira, amma kada mu haɗiye shi ba tauna.

Da farko, mene ne feftayid? Furotin, wato abinci mai gina jiki, tamkar carbi yake, 'ya'yansa kuwa su ne sinadaran amino iri 20. Idan aka tsinke carbin ya zama guntaye masu 'ya'ya 2 zuwa 50, kowane guntu shi ne feftayid. Ɗanyar laimar kwaɗi kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, amma in ta bushe tana da furotin mai yawa.

Yadda garma ke tsatsa in an bar ta a waje, haka iskar oksijin da muke shaƙa take barin wani ɓurɓushi mai lahanta ƙwayoyin halittar jiki, kuma aikin ƙarfi yana ƙara yawansa. Jiki yana da masu gadinsa, kamar gulutatayon, wanda shi ma feftayid ne mai 'ya'ya 3. A ɗakin gwaje-gwaje an ga feftayid na laimar kwaɗi yana irin wannan gadi. An kuma ciyar da ɓeraye da shi, aka jefa su ruwa, sai aka ga sun fi 'yan'uwansu daɗewa suna iyo, sukarin da hantarsu ke ajiyewa kuma ya fi yawa.

Sai dai fa, mai karatu, ɓera ba mutum ba ne. Bugu da ƙari, cikin ɗan Adam yana narkar da yawancin feftayid kafin ya kai ga jini. Akwai darasi a binciken da aka bayyana a 1994 daga ƙasar Finlan, inda aka gwada sinadarin beta-karotin, mai irin wannan aikin gadi, a cikin maza mashaya taba fiye da 29,000. Maimakon kariya, ciwon dajin huhu ƙaruwa ya yi da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha shi. Saboda haka duk wanda ya tallata maka maganin gajiya, tambaye shi: a kan wa aka gwada?

Manomin da ya yini a gona yana fama da kasala, sau da yawa ƙarancin jini ne ko zazzaɓin cizon sauro ko ƙishirwa ke damunsa. Asibiti da abinci mai kyau ya fi buƙata, domin kuɗin da zai zuba a kwalbar da ba a tabbatar da ita ba cinikin biri a sama ne.

Wani abin lura kuma, mugun dafin da ke cikin laimar kwaɗi dangin Amanita shi ma feftayid ne mai 'ya'ya 8. Dafuwa ba ta kashe shi, alamunsa ba sa bayyana sai bayan sa'a 6 ko fiye, alhali ya riga ya fara lalata hanta. Kama da wane ba ta wane, don haka kada ɗalibi ya tsinko ta a daji ya ci.

Hanya mafi aminci ita ce noma irin da aka tabbatar ana ci, wanda ke tsirowa a kan tattakar shinkafa, totuwar masara ko dusar katako. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, tana kusa da Dagumawa. Ina kira ga masananta su samar wa makarantun sakandare iri mai tsabta, malamai kuma su koya wa ɗalibai nomanta a ƙungiyoyin kimiyya. Mu fara sa ta a tukunyar miya, batun magani kuwa mu jira sai an gwada a kan mutane. Allah Ya sa mu dace.