Kafin Mu Je Ganin Teku

A zangon karatu na biyu na wannan shekara 'yan aji shida suka kawo wa kwamitin malamai takarda, suna roƙon a kai su yawon buɗe ido bakin teku kafin su bar makaranta. Gaskiya sun yi ƙoƙari wajen tsarin. Sun ce a ɗauki bas zuwa Legas, daga can a bi gaɓar teku yamma har Badagiri, a ga gidan bene na farko da 'yan mishan suka gina a 1845, a haye zuwa Gberefu inda ake loda bayi a jiragen ruwa a zamanin da, a juyo gida. Kwana uku kacal, in ji su. Kwamiti bai amince ba, ni ma kuwa ina cikin waɗanda suka ce a'a. Tun daga ranar wasunsu ke gaishe ni da ƙyar. To, tun da an ba ni fili a wannan mujalla, bari in bayyana dalilina, in kuma faɗi inda na saɓa da wasu abokan aikina, domin ba bakinmu ɗaya ba duka.

Ya ku ɗalibai, sha'awar da kuka yi ba laifi ba ce. Yaron da aka haifa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne rafin bayan gari da ke ƙafewa da rani, dole ne ransa ya biya in ya ji malami yana cewa akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa, mai gishiri, wanda ke cikowa yana janyewa sau biyu a rana saboda jan da wata ke yi masa. Ƙasarmu tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita fiye da 800, ku kuma 'yan ƙasa ne, kuna da haƙƙin ganinta. Ba ku ne Hausawan farko da teku ya kira ba. Kakanninmu fatake sun kai can da ƙafa da jakuna a fataucin goro, jikokinsu suna nan a Agege da Kwatano da Lome da Nima ta Akara.

Amma ku ɗauko taswira mu yi lissafi. Daga Funtuwa zuwa Legas, ko ta wace hanya aka bi, ba a kasa kilomita 800 ba. Bas cike da yara ba ta gudun ƙaramar mota, ga shingayen jami'an tsaro, ga tsayawa cin abinci da kama ruwa. Yini guda cur ba zai kai ku ba sai an haɗa da dare, tafiyar dare kuwa babu uban da zai sa hannu a kanta. Ke nan kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Ina kwana ukun naku?

Ni na taɓa yin irin wannan tafiya, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Muna kwalejin horon malamai aka kai mu Legas. Motarmu ta lalace a hanya sau biyu, muka kwana a wani gidan mai, kuɗin abincin kwana huɗu ya ƙare a na biyu. Da muka isa Bar Beach rana ta kusa faɗuwa. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, na tabbata da gishirin, muka tsaya aka ɗauke mu hoto, direba ya fara danna oda. Ban yi minti arba'in a bakin tekun ba. Abin da na fi tunawa a tafiyar har yau shi ne ciwon baya. Wurin ma yanzu babu shi, an cike shi da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Lokacin nan fa mai yana da araha. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, yawancin iyayen ɗalibanmu kuwa manoma ne, wasu ma shekara da shekaru ba su noma gonakinsu na nesa ba. In an yi tafiyar Legas, yara goma ko sha biyar za su je, sauran su tsaya suna kallon hotuna. Wannan ba yawon makaranta ba ne, yawon 'ya'yan masu hali ne.

Yanzu sai in juyo kan 'yan'uwana malamai da iyayen da suka ce a rufe maganar fita gaba ɗaya. Na san abin da ke zukatanku, domin yana cikin tawa. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Ba mu manta watannin 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu ba, mutum ya hau dutse ko ya yi tafiya mai nisa kafin ya gaya wa ɗan'uwansa yana lafiya. A Nuwamban 2025 kuma aka sake tayar mana da tsohon miki da abin da ya faru a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja. Uwar da ta ce ɗanta ba zai fita ba, ba zan ce mata matsoraciya ba.

Duk da haka ku duba abin da muke yi wa yaran nan. Ɗalibin da ke aji shida yau yana firamare aka fara wannan masifa. Ya tashi tsakanin katangar gida da katangar makaranta. A aji na tambaya wa ya taɓa ganin madatsar ruwa, hannu uku na gani a cikin yara fiye da arba'in. Suna haddace ma'anar noman rani da zaizayar ƙasa da mafarin kogi, suna cin jarrabawa, amma kalmomi ne kawai a bakinsu. Gani ya kori ji, mu kuwa mun bar su da ji kaɗai. Kuma ku tuna, yaran nan za su fita ko muna so ko ba mu so. Baɗi wasu za su tafi Zariya ko Kano ko Jos karatu, su kaɗai, ba su taɓa koyon yadda ake shirya tafiya ba. Gara su fara koya a hannunmu.

Shawarata ita ce a yi gajeriyar tafiya ta yini ɗaya zuwa bakin ruwan da ke kusa da mu, a fita da safe a dawo rana na sama.

Kada ku raina ruwan namu. Ga abin da nake so kowane ɗalibi ya sani kafin ya bar makarantar nan. Gulbin Sakkwato a nan yankin Funtuwa yake tasowa. Ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya gangara ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. Kwara ta ratsa Kainji da Jebba, ta karɓi Binuwai a Lakwaja, ta wuce Anacha, sannan ta rarrabu ta shiga Tekun Atlantika. Wato ruwan saman da ya zuba a wata gona ta ƙasar Faskari cikin watan Agusta, in bai nutse a ƙasa ba, rana ba ta shanye shi ba, tekun da kuke marmarin gani zai je. In kuwa ka yi gabas kaɗan ka shiga ƙasar Kano, labari ya sake. Ruwan Challawa da na kogin Kano Haɗeja suke nufa, daga can su bi Yobe zuwa Tafkin Chadi, ba ruwansu da teku. Muna zaune a kan doron da ke raba ruwan Arewa gida biyu, amma yawancinmu ba mu sani ba. Malamin labarin ƙasa zai iya koyar da wannan a tsaye a bakin dam cikin minti ashirin, ya zauna a kan yaro har tsufansa.

To, wane ruwa? Mafi kusa shi ne dam ɗin Mairuwa, a ƙasar Faskari, wanda Funtuwa ke sha. Sai dai yana kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, hanyar da matafiya suka sha wuya a kanta a shekarun nan. Akwai Zobe kusa da Dutsin-ma, wanda aka gama a 1983, shi ma gefen da yake sai an yi tambaya sosai. Ni dai na fi karkata ga madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. A bi ta Malumfashi da Dayi zuwa Gwarzo, a ratse kudu. Hanya ce ta cikin garuruwa da gonaki, bayan damina za ka ga dawa ta sunkuya, auduga ta fashe, ga duwatsu jefi-jefi. Ruwan kuma yana da faɗin da zai sa yaron da bai taɓa gani ba ya yi shiru. Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta fi ta girma, amma tana kudu da birnin Kano da kimanin kilomita 70, zuwa da dawowa a yini ɗaya zai matse mu. A bar ta sai wata shekara.

Na yarda, dam ba teku ba ne. Ba gishiri, ba manyan jirage, ba igiyar ruwa mai tsawon mutum. Wanda ya ce muku daidai suke ya ruɗe ku.

Ban ce wata hanya lafiya lau take ba, kada wani ya ce Malam ya ce. Hanyar da ke lafiya wannan wata tana iya ɓaci wata mai zuwa, ƙauyukan kan iyakar Kano da Katsina su ma sun ga hare-hare a ƙarshen 2025. Saboda haka ba a yanke magana sai an tambayi 'yan sanda da masu unguwanni da direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, a sake tambaya ana gobe tafiya. In amsa ba ta yi daɗi ba a fasa, ko da an soya ƙosai an zuba mai. Wannan shi ne sharaɗin da ya fi wuya, domin yara za su yi kuka, malamin da ya sha wahalar shiri zai ji kunya. Ranar tafiya kuma ba abin shela ba ce. Iyaye su sani ta takardar da za su sa wa hannu, amma kada a sanar a majami'a ko a kasuwa, kada wani ɗalibi ya sa a Facebook. Hotuna sa jira har mu dawo.

Lokacin da ya dace shi ne Nuwamba, ruwa ya ɗauke, dam na cike, hazo bai riga ya rufe ido ba. A tashi ƙarfe bakwai, ba da asuba ba, a bar bakin ruwa ƙarfe biyu ko da daɗi bai ƙare ba. A rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da Challawa da Tiga, tun da wuri, don a sami ma'aikacin da zai zagaya da yara ya yi musu bayani. Direba ya zama wanda aka sani, a duba tayoyinsa da birki da idon malami, kada a ɗauki “lafiya lau” ta baki. Malamai maza da mata su raka, kowane da yaransa goma da sunayensu a takarda.

Abu biyu kuma ba na sassautawa a kansu. Na ɗaya, babu shiga kwalekwale. A ƙarshen Nuwamban 2021 wani jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari na Ɓagwai, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodi ya yi yawa, ba rigunan ruwa. Yaranmu ba su iya iyo ba, ni ma ban iya ba. Na biyu, babu tsoma ƙafa. Ruwan dam kwantacce ne, a irinsa ne ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Na san za a ce Malam ya cika tsanani, an zo bakin ruwa an hana taɓa ruwa. Na ji, na ɗauka.

Maganar kuɗi, a fara tarawa tun zangon farko, kaɗan-kaɗan kamar adashi, a haɗa da abin da gonar makaranta ta bayar. Kowa ya zo da abincinsa daga gida ko daga kicin. In akwai ɗalibi ɗaya da zai tsaya don rashin kuɗi, to shirin bai kammala ba. A nan nake roƙon tsofaffin ɗalibai da zumuntar mata su taimaka, kujera ɗaya ko biyu ba za ta gagare su ba.

Ku 'yan aji shida da kuka kawo takarda, na san wannan shiri ba zai same ku ba, za ku tafi kafin Nuwamba. Ku yi haƙuri. Takardarku tana nan a wurina, ban yar ba, ita ce ma ta tayar da wannan magana. Cikinku akwai waɗanda karatu ko bautar ƙasa za ta kai Legas ko Fatakwal ko Kalaba. In kun je, ku sami yini guda ku zauna a bakin teku tun safe, ku kafa kara inda ruwa ya tsaya, ku dawo bayan awa shida ku ga inda ya koma, sa'an nan ku rubuto wa ƙannenku.

Ina roƙon Shugaban Makaranta ya sa wannan batu cikin ajandar taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai na farkon shekara mai zuwa. In an amince, ni zan rubuta wasiƙar zuwa hukumar dam, kuma zan fara bin hanyar da kaina a motar haya, mako guda kafin a ɗauki ɗan kowa.