Mu Suturta Ƙasar Gindin Bishiya

Daga Yelwa zuwa Birnin Yauri, daga Wara zuwa Shanga, da wuya mutum ya shiga gida ko makaranta ko harabar masallaci bai tarar da dogon yaro ko mangwaro ba. Inuwar muna morewa, amma ƙasar da ke ƙarƙashinta tsirara take, tsintsiya na kankare ta safe da yamma. Da ruwan farkon damina ya sauka, sai ya kwashe abin da tsintsiya ta sassauta, ya bi kwari da shi har tafkin Kainji, wanda aka tare tun 1968. A hankali saiwoyi su fito fili, gindin katanga ya zaizaye, wata rana guguwa ta kayar da itacen da kakanni suka dasa.

Maganin wannan shi ne shuka mai yaɗo wadda za ta rufe ƙasa, ta karya ƙarfin ɗigon ruwa. Sai dai ba kowace shuka ke jure inuwa ba. Kiri-kiri, ciyawar da ake shimfiɗawa a filin ƙwallo, ɗiyar rana ce; a gindin mangwaro sai ta sirance ta mutu, kuɗin mai gida ya bi ruwa. Don haka nake ba da shawarar a fara da sanin inuwar kanta. Ta mangwaro mai duhu ce, rani da damina. Ta dogon yaro tana barin haske ya ratsa, amma saiwarsa na shanye laima. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, don haka gindinsa ba ya hana shuka komai.

Inda ranar safe ke leƙowa na awa uku ko huɗu, dankali zai yi. Ko bai yi ƙwaya sosai ba, yaɗonsa zai rufe ƙasa, ganyensa kuma abincin awaki ne. Haka gadagi, wanda masu doki suka daɗe da sani: yana kwanciya a ƙasa, kuma da yake dangin wake ne, yana ƙara mata ƙarfi. Inda ke da danshi kullum, kamar bakin rijiya ko wurin alwala, na'a-na'a da gwaza sun fi dacewa. Inda duhu ya yi yawa, a gwada balasa, wadda manomi ke cirewa a gona yana tsaki, alhali jure inuwa ne halinta. Idan ita ma ta ƙi, a bar busasshen ganye ya kwanta, ko a baza buntun shinkafa, a nisanta shi da katanga saboda gara.

Ina za a samo su? Ba sai an je wajen masu sayar da furanni a Birnin Kebbi ko Abuja ba. Yaɗon dankali na hannun manoman fadama. Gwaza na kasuwa. Reshen na'a-na'a daga mai shayi, in an tsoma shi a ruwa 'yan kwanaki, zai fitar da saiwa. Gadagi da balasa kuwa suna bakin hanya, a haƙo su da ƙasarsu. A dasa bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuni, a kewaye da ƙaya saboda kaji da awaki. Da rani, ruwan alwala ya isa ya raya ɗan fili.

Na san abin da uwargida za ta ce: maciji fa? Tsoronta gaskiya ne, shi ne ma tushen al'adar share tsakar gida fes. Amsata ita ce a riƙa datse shukar kada ta wuce idon sawu, ban da gwaza, wadda za a kai nesa da ɗaki. A bar tazarar taku biyu a share tsakanin shuka da bango, haka ma hanyar ƙofa da wurin wasan yara. Tsintsiya ta riƙe nata yanki, ganye ya riƙe nasa.

Ina kira ga shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai su gwada da bishiya ɗaya a daminar bana. Da kaka a kwatanta gindinta da na maƙwabciyarta, ido zai yanke hukunci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.