Titin Gaɓar Teku da Lissafin Manomin Zakka

A watan Maris na 2024 aka fara aikin titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita kusan 700. Kashin farko kaɗai, kilomita 47, an sa masa kuɗi sama da naira tiriliyan ɗaya, wato fiye da biliyan 20 ke nan a kowace kilomita. Kamfanin Hitech aka bai wa aikin ba tare da an buɗe gasar neman kwangila ga kowa ba, kuma a Yulin 2025 aka ciwo bashin dala miliyan 747 a ƙarƙashin jagorancin bankin Deutsche.

Manomin Zakka da ke ƙaramar hukumar Safana bai san teku ba, amma yana cikin masu biyan wannan bashi, domin daga asusun ƙasa za a biya shi. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin kai buhun gero kasuwar Batsari ya ƙaru, a kan hanyoyin da damina ke cinyewa, 'yan bindigar dajin Rugu kuma ke tarewa.

Da ƙorafi ya taso a Arewa, tambayar da ta fi amo ita ce: ina namu kason? Amsar ta zo a Oktoban 2024 da titin Sakkwato zuwa Badagry, kilomita 1,068, wanda Hitech ɗin dai ya samu sassansa na farko. Sai surutu ya lafa. A nan kuskuren yake. An nemi daidaito a rabon manyan kwangiloli, aka bar batun farashi da yadda aka zaɓi ɗan kwangila, alhali titin Abuja zuwa Kano da aka bayar tun 2017 ya isa ishara kan yadda irin waɗannan ayyuka ke jan ƙafa.

Titin Badagry ba zai ratsa Safana ba. Hanyar da za ta fitar da amfanin gonar Zakka, ta kai mai naƙuda asibitin Dutsin-Ma, ta ba jami'an tsaro damar isa ƙauye kafin maharan su koma daji, haƙƙin jiha ne da ƙaramar hukuma. Kason da suke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai bayan janye tallafin, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan kasafin ne ya kamata 'yan bokon Katsina su bi layi-layi, su tambayi kilomita nawa aka shimfiɗa a Safana da Batsari, kuma a kan nawa.