Wa Zai Sayi Batir na Biyu?

Ranar ƙaddamarwa kowa yana nan. An kafa rumfa, mai ba da tallafi ya yanke ƙyalle, an ɗauki hoton farantan sola a kan rufin asibitin sha-ka-tafi, kafin la'asar hoton ya zagaye Facebook. Ku dawo bayan shekara uku ku tambayi ungozomar da ke karɓar haihuwa cikin dare da me take gani. Da fitilar wayarta.

Kada wani ya ce ƙin sola muke yi. Mu da muka fito daga Runka da ƙauyukan Safana da Batsari, a gefen dajin Rugu, mun fi kowa sanin amfaninta. A 2021, da gwamnatin Masari ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu, mun ga yadda janareto ke komawa ƙarfen banza. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai kuwa, babu ƙungiyar ci gaban gari da karo-karonta zai iya ciyar da inji kullum. Rana ce kaɗai ba a hawa hanya a sayo ta.

Rigimarmu da yadda ake bayarwa ne. Farantin sola yana kai shekara 20 ko fiye. Batir mai ruwa da ake haɗa shi da shi, a zafin bazararmu, da ƙyar yake wuce shekara uku ko huɗu, don zafi yana cin rayuwarsa. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, caji ya ragu, batir ya riƙa kwana ba cike ba, mutuwarsa ta ƙara matsowa. Duk mai haɗa sola ya san wannan. To me ya sa takardar aikin take ƙarewa a ranar hoto? Wa aka rubuta zai sayi batir na biyu? Babu. Injiniyan da ya haɗa kayan ya koma birni da lambar sirrin inbata a aljihunsa, kuma ba ma ganin laifinsa in ya ƙi sake biyo hanyar nan saboda fis ɗaya da ya ƙone.

Mu da ke cin abinci da rubuta manhaja mun san wannan ciwon daga wani ɓangare: ƙirƙirar manhaja shi ne ƙaramin aiki, riƙe ta shi ne babba. Wanda ya miƙa maka manhaja ba bayani, ba mai gyara, bashi ya bar maka. Katsinawa ma ba sa buƙatar darasi daga nesa. Tashar wutar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10 ta haura shekara goma ana jiran ta, ƙarafa a tsaye kowa yana gani daga titi.

Mu ma da namu laifin. Kayan da ba mu sa ko sisi ba, kayan Allah-ya-kawo muke ɗaukar su. Mun ga inda aka ja waya daga batirin asibiti zuwa gidan wani babba, kwamiti ya yi shiru don kunya.

Ga abin da muke nema, kuma ba roƙo ba ne. A rage faranti biyu daga kasafin, a koya wa matasa biyu na garin wanke faranti, duba ruwan batir da karanta inbata, a bar musu bayani da Hausa da lambar sirrin. Inda aikin zai yiwu ba batir, a bar batir: rijiyar burtsatse tana tura ruwa tanki da rana, tankin shi ne ma'ajiya; akwai kuma firjin rigakafi da ke daskarar da ƙanƙara da rana ya riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 har safiya. Inda dole sai da batir, ƙungiya ta buɗe asusu tun ranar farko, kuɗin cajin waya da na jarkar ruwa su riƙa shiga, a karanto lissafin a bainar jama'a duk wata.

Mai tallafin da ya ce wannan ya yi masa yawa, mu gode masa, mu ce ya kai kayansa wani wuri. Mun san maganar za ta yi nauyi a bakin shugaban ƙungiyar da asibitin garinsa ke cikin duhu yau. Amma ɗakin ajiyar asibitin ya riga ya cika da matattun batura.